Matakan Kula da Tsohon Kunkurun Gida Idan Ƙarfinsa Ya Fara Raguwa

A wasu gidajen Ray Buba da Garwa akwai kunkurun da ya girmi rabin mutanen gidan. Kaka ne ya kawo shi, ko wani baƙo daga wajen Marwa, kunkurun ya haƙa raminsa a gindin katanga, aka saba da shi har aka daina lura da shi. Babban kunkurun Sahel yana iya wuce shekara 70, nauyinsa kuma ya haura kilo 50. A duk duniya, na tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kaɗai suka fi shi girma.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar kunkuru ba ta ba da labari. Ba ya kuka, ba ya nishi, ciwo kan yi watanni a jikinsa kafin a gani. Don haka jinyarsa aikin awo ne da lura, kullum a kan lokaci guda. Bi matakan nan a jere, kada ka yi gaggawa.

Kayan da za ka tanada

Littafi da biro, sikelin rataye da buhu mai ƙwari, ma'aunin zafi, daro mai faɗi, tsohon buroshin haƙori, hantsaki, sirinji marar allura, Bétadine, tsumma mai tsabta, busasshiyar ciyawa, buhunan algarara, zana, da sabulu.

Mataki na 1: Gane irin kunkurun da ke hannunka

Leƙa bayan cinyoyinsa. Idan ka ga tsini biyu ko uku masu kauri, ga ƙoƙo mai launin rairayi, babban na Sahel ne, mai cin ciyawa. Idan ƙarami ne da bai cika wuce taƙi ɗaya ba, kuma ƙarshen ƙoƙon bayansa yana lanƙwasawa ya rufe ƙafafu, to na kurmi ne. Shi ya fi son inuwa mai laima, kuma yana haɗawa da dodon koɗi da ƙwari. Mai kwana cikin ruwa irin na Binuwai da tafkin Lagdo daban yake, wannan bayani bai shafe shi ba. Kada ka dogara da ƙirga zoben ƙoƙo don sanin shekaru, domin na tsoho yakan goge ya yi sumul.

Mataki na 2: Buɗe littafi, ka auna shi

Zaɓi rana ɗaya a mako, da safe kafin ya ci. Sa shi cikin buhu a kife yadda yake tafiya, ka rataya a sikeli, ka rubuta nauyi da kwanan wata. Babba sai mutum biyu, kowa ya tallafi ƙoƙon ta ƙasa. Kada a ɗaga shi ta ƙafa ko ta wutsiya. A ƙarƙashin nauyin rubuta abin da ya ci da ranar da ya yi kashi. Idan ya rasa kashi 10 cikin 100, wato mai kilo 30 ya sauko 27, lokacin neman likita ya yi ko da yana ci.

Mataki na 3: Duba jiki daga kai zuwa wutsiya

Fara da ido: ya kasance a buɗe, mai haske, bai faɗa ba, bai kumbura ba. Sai hanci: ya zama a bushe, babu majina, babu kumfa. Kasa kunne kusa da shi, idan kana jin fito ko yana buɗe baki yana miƙa wuya don numfashi, ciwon huhu ne. Kunkuru ba ya iya tari, saboda haka majinar ba ta da hanyar fita. Idan ya yi hamma, leƙa bakin, fari-farin abu a kan harshe alamar ruɓewar baki ce. Danna ƙoƙon a hankali, ka nemi wuri mai laushi ko wari. A ƙarshe ajiye shi ya yi tafiya. Mai lafiya yana ɗaga cikinsa daga ƙasa, mai rauni yana jan sa.

Mataki na 4: Gyara masa makwanci

Tsoho ba ya iya hawa da sauka cikin rami mai zurfi, kuma idan ya kwanta a can ba za ka gan shi ba. Toshe tsohon ramin bayan ka tabbata ba ya ciki. Kewaye masa fili mai taku biyar ko shida, marar tudu, marar dutse. A gefe ɗaya yi ɗan ɗaki na bulo ko katako, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri. Kada ka bar shi a kan siminti mai santsi. Raba shi da sauran kunkuru, musamman namiji mai ture-ture, domin wanda aka birkice a rana yana iya mutuwa kafin a ankara. Da dare ka rufe ƙofa: ɓera yana gaigayar ƙafar kunkuru mai rauni, kare da kwarkwasa ma ba sa raga masa. Kada a huda ƙoƙo don ɗaure igiya, kada yara su hau bayansa. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai jini da jijiya.

Mataki na 5: Daidaita masa zafi da rana

Jikin kunkuru ba ya yin ɗumi da kansa, sai abin da ya samu daga waje. Idan bai ɗumama ba, abinci ba ya narkewa, magani ma ba ya aiki yadda ya kamata. Fitar da shi hantsi daga ƙarfe 8 zuwa 10, da inuwa kusa da shi. Hasken nan ne ke sa ƙashinsa ya karɓi sinadarin kalsiyam, kuma gilashin taga yana tare shi. Masu kiwon ƙadangaren Ostireliya mai gemu a Turai da Amurka sai sun sayi fitila ta musamman saboda wannan, kai kuwa Allah ya ba ka kyauta.

A hunturu, Disamba da Janairu, auna makwancin da asuba. Idan zafin ya sauka ƙasa da digiri 20, rufe ɗakin da algarara, ka ajiye jarkar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefe. Kada ka sa kaskon wuta, hayaƙi zai cuce shi, kuma yana iya ƙonewa bai matsa ba. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kafa rumfar zana, ka yayyafa wa ƙasan ruwa safe da azahar. Kumfa a baki alamar zafi ya yi yawa ce: maida shi inuwa, ka zuba masa ruwan randa kaɗan-kaɗan. A damina, ɗaga makwancin yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Mataki na 6: Jiƙa shi a ruwan ɗumi

Yi wannan bayan ya sha hantsi, sau uku a mako, kullum idan idonsa ya faɗa. Ruwan ya kasance wajen digiri 30, ka gwada da gwiwar hannu. Zurfinsa ya tsaya a haɓarsa, kada ya kai hanci. Bar shi minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kansa, domin mai rauni yana iya kasa ɗaga kai. Idan ya fi ƙarfin daro, haƙa ɗan gurbi ka shimfiɗa tampol. Yana yin kashi a ciki, ka sauya ruwan. Goge shi ya bushe kafin ya koma makwanci.

Mataki na 7: Karanta abin da ya fitar

Tare da fitsari yakan fitar da wani farin abu. Idan yana da laushi kamar kindirmo, ruwan jikinsa ya wadata. Idan ya fito da tsakuwa-tsakuwa, yana bushewa, ƙara yawan jiƙo. Dutsen mafitsara ciwo ne da ke yawan kama irin wannan kunkuru, alamarsa yunƙuri ba fitarwa da jan ƙafar baya. Mace kuma tana iya riƙe ƙwai ko babu namiji, za ka ga tana kai-kawo tana tono ba ta ajiye komai. Kashi mai kyau dunƙulalle ne, ana ganin ciyawa a ciki. Gudawa, jini ko tsutsa, ɗebi kaɗan a leda mai tsabta don likita.

Mataki na 8: Gyara abinci

Mafi yawan abincinsa ya zama ciyawa: kirikiri, harkiya, ɗanyar kyasuwa. Yanka ta ƙanana. Busasshiya kuma jiƙa ta minti 15 ta yi laushi. Ƙara ganyen rama, lalo, kuɓewa, da ɗan zogale. Alayyafo da yakuwa kaɗan, harawa ma kaɗan, domin ta yi masa nauyi a ƙoda. Dafa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi gari, ka barbaɗa ɗan kaɗan sau biyu a mako.

Kada ka ba shi tuwo, shinkafa, burodi, madara, nama ko ragowar miya. Mangwaro da gwanda sai ɗan yanki jifa-jifa. Nisanta shi da tumfafiya, zaƙami, ɗanyen ganyen rogo da ganyen tumatir. Ƙasar Mayo Ray ƙasar auduga ce, saboda haka kada ka yanko ciyawa a bakin gonar auduga ko inda aka yi feshi. Tsince leda daga filinsa, yana haɗiye ta.

Mataki na 9: Idan ya ƙi ci

Fara tambayar kanka: ya ɗumama? Ya sha ruwa? Lafiyayye ma yakan rage ci a tsakiyar rani, amma nauyinsa ba ya zubewa. Ajiye abinci a wuri ɗaya kullum, a kan faffaɗan dutse, domin idon tsoho yakan dushe. Gurza kabewa ko karas a kan ciyawar, launin yana jawo shi. Miƙa masa da hannu, ka yi haƙuri. Idan bakin ya yi tsawo ya hana shi cizo, kada ka sa wuƙa, aikin likita ne. Kada ka ɗura masa komai da ƙarfi, zai shiga huhu. Da sirinji, ɗiga ruwa a gefen baki ɗigo-ɗigo, ka jira ya haɗiye. Mako biyu ba ci, ga rama, wuce zuwa mataki na 12.

Mataki na 10: Kula da rauni da kaska

Duba hammata, wuya da gindin wutsiya. Kama kaska da hantsaki daf da fata, ka ja a miƙe a hankali. Rauni ko ruɓewar ƙoƙo, wadda ta fi yawa a damina, wanke ta da ruwan da aka tafasa ya huce. Sirka Bétadine da ruwa har launin ya yi fatsi-fatsi, ka goga da buroshi, ka bar wurin ya bushe. Yi haka kullum. Rufe shi da gidan sauro, don ƙuda na yin ƙwai a rauni, tsutsa ta fito cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ka shafa baƙin mai, kalanzir ko fenti.

Mataki na 11: Kada ka taɓa maganin shanu

A ƙasar makiyaya, maganin dabbobi yana kowace kasuwa, kuma maƙwabci zai ba ka shawara da zuciya ɗaya. Riƙe wannan da kyau: allurar ivermectin, wadda ake yi wa shanu da tumaki don tsutsa da kaska, guba ce ga kunkuru. Tana shanye masa jiki, tana kashe shi. Haka ruwan wankan kaska na shanu. Paracetamol da sauran maganin mutane ma kada ka gwada. Akwai maganin tsutsa da ya dace da shi, amma likita ne zai auna gwargwadon nauyin da ka rubuta.

Mataki na 12: Kai shi ga masani

Kumfa a hanci, numfashi da baki, kumburin ƙafa, fashewar ƙoƙo, wani abu ja da ya leƙo ta dubura, duk waɗannan ba sa jiran mako. Fara da ofishin ma'aikatar kiwo ta MINEPIA mafi kusa da kai. Tura hoto da bidiyo ta WhatsApp kafin ka kama hanya, musamman a damina da hanyoyi ke wuya. A Garwa akwai Makarantar Namun Daji da aka buɗe a 1970, akwai gidan zu, akwai kuma ɗakin binciken LANAVET a Bokle, ka tambaya a haɗa ka da wanda ya san dabbobi masu jan ciki. Ɗauke shi cikin kwali ko akwati mai ciyawa da ƙofofin iska, ka tashi da sassafe, kada ka sa shi a but ɗin mota. Tafi da littafinka. Ka tuna wa likita, cikin ladabi, maganar ivermectin.

Mataki na 13: Kwanakin ƙarshe

Wata rana za ka ga ba ya janye kai idan an taɓa shi, ƙafafu sun saki. Rage ɗagawa da juyawa. Ci gaba da ɗumi, inuwa, tsabta da ɗigon ruwa. Idan wahala ta yi yawa, likita ne kaɗai zai sauƙaƙa masa da allura. Yanka ba ya kawo masa mutuwa nan take, domin ƙwaƙwalwarsa tana jure rashin iska na dogon lokaci. Kada ka kai shi daji ka saki, ba zai rayu ba, kuma zai iya shafa wa na daji ciwo. Idan kana zaton ya mutu, ajiye shi wuri mai ɗumi, ka taɓa gefen ido, ka matsa yatsan ƙafa, ka jira kwana ɗaya cur. Sannan ka binne shi da zurfi, nesa da rijiya.

A kowane mataki, wanke hannu da sabulu idan ka gama. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa. Kada daronsa ya shiga madafa, kada ƙananan yara su yi wasa da ruwan jiƙonsa.

Dabbar da ka tsare a gidanka amana ce, domin ka raba ta da hanyar neman abinci da kanta. Idan gidan ya yi kewa bayan mutuwarsa, kada ka aika a kamo wani. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji zuwa kasuwannin waje, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN ta sa babban kunkurun Sahel cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Idan kana da sauran ƙarfin jinya, duba gidajen unguwa. Wataƙila akwai wani tsohon da ke kwance a gindin katanga ba wanda ya taɓa auna shi. Ɗauki sikelinka ka koya wa masu shi.