Kuɗin kwanan mota: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun shirinmu na yau sun yi tsibi a gabana, mai kula da na'ura kuma tun yanzu yana nuna mini agogo, don haka masu gaisuwa ku yi haƙuri sai wani makon.

Ta farko daga Zakka take, ƙaramar hukumar Safana. Mai ita manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi, ya ce a sakaya sunansa. Da ƙaramar Sallah ya kwashi iyalinsa zuwa Kano, suka sauka a wani otal mai filin wasan yara, da lilo da su jirgin ƙasan nan na wasa. Ya biya kuɗin ɗaki, ya biya kuɗin shiga filin, kai ɗaya ɗaya har da na goye. Da safe zai fita, maigadi ya ƙi ɗaga ƙarfen ƙofa, wai sai ya biya kuɗin kwanan mota. Yana tambaya: wannan daidai ne? A wasu ƙasashe ma haka ake yi?

To Alhaji, da farko Allah ya saka da alheri. Yaran yankin nan sun ga tashin hankali a shekarun nan, duk uban da ya ɗebe su ya kai su inda za su yi dariya ya yi abin kirki. Amma zan ɗan ja kunnenka. Kai da ba ka sayen buhun gero sai ka soka hannu ka duba ƙwayar, yaya aka yi ka karɓi makullin ɗaki ba ka tambayi abin da kuɗinka ya ƙunsa ba?

Ana yi a waje, ƙwarai kuwa. Akwai wani makeken wurin shaƙatawa a jihar Florida ta Amurka, Walt Disney World, da aka buɗe a 1971, yana da otal-otal nasa na kansa. Shekara da shekaru wanda ya kama ɗaki a can ba ya biyan ko sisi don motarsa. A watan Maris na 2018 suka sa kuɗi: dala 13 kowane dare a masu araha, 19 a matsakaita, 24 a manya. Mutane suka yi ta ƙorafi, don mai mako guda sai ya ga an ɗora masa kusan dala ɗari ko fiye a kan abin da ya riga ya biya. A watan Janairun 2023 kamfanin ya janye kuɗin ga masu kwana. Ka ga ko can da ake ganin kuɗi ba ya yi musu ciwo, abin bai yi wa baƙi daɗi ba. Sai dai su sun sanar tun kafin mutum ya kama ɗaki. Naka kuwa a bakin ƙofa aka gaya maka, yara na cikin mota, rana na yi. A ganina nan ne laifin yake. Mai wuri yana da ikon sa farashi a filinsa, amma ya faɗa tun ana ciniki, ya rubuta a inda ido zai gani, ya ba da rasit.

Wasiƙa ta biyu ta shiga cikin wannan, daga wani matashi ɗan kabu-kabu a Batsari. Ya ce ranar kasuwa yana biyan masu jiran babura, su ba shi ɗan kati mai lamba, su rataya ɗaya a kan mashin. In an sace, wa zai biya?

Ƙanena, wannan ita ce tambayar da na fi so yau, don babur yanzu dukiya ce, wani shi ne gonarsa, shi ne shagonsa. Bari in ba ka labarin wata shari'a da lauyoyi ke yawan kawowa. A 1986 wani babban alƙali mai ritaya, Mai shari'a Anyah, ya sauka a otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri. Masu gadi suka ba shi ɗan faifan shaida a ƙofa, ya ajiye Peugeot 505 ɗinsa, ya kulle, ya sa makulli a aljihu. Gari ya waye babu mota. Ya kai ƙara, kotun farko ta ba shi gaskiya, ta ɗaukaka ƙara ta soke, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2002 ta ce otal ba zai biya ba. Dalilin, yadda wani lauya ya warware mini, shi ne filin ajiyar kyauta aka ba shi, makulli yana hannunsa, kuma babu wata yarjejeniya da aka yi cewa sun ɗauki nauyin motar. Alƙali guda ke nan, ya yi shekara 16 yana bin haƙƙinsa bai samu ba.

Lauyan ya ce in an karɓi kuɗinka da sunan tsaro, aka ba ka shaida, hujjarka ta fi ta alƙalin nan ƙarfi, ko da yake kowace shari'a da yadda take zuwa. Malamanmu kuma suna cewa ajiya amana ce, wanda aka ba wa ba ya biya sai in ya yi sakaci, kamar ya bar wurin ya tafi shan shayi, ko ya saki babur ga wanda bai nuna kati ba. Wasu malaman sun fi tsanantawa a kan wanda ya karɓi lada. Saboda haka ka tambaye su a gaban mutane: kuɗin nan na fili ne ko na gadi? Ka riƙe katinka kamar yadda kake riƙe makulli, ka sa sarƙa ko da akwai mai jira. Ni dai ina goyon bayan yaran nan masu jiran babura in suna da shugaba da aka sani da rumfa da aka sani. Tsayuwa cikin rana tun hantsi har la'asar aiki ne, ladansa halal ne.

Wani daga Runka yana tambaya ko kuɗin tasha da na kasuwa haramtattu ne. Kai jama'a, wannan tambaya kusan kowane wata sai ta dawo. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, dokar haraji ta 1998 kuma ta sa kuɗin tasha cikin abin da za su karɓa. In da rasit mai sunan ƙaramar hukuma, ka biya. Wanda ya tare ka da gora da igiya babu takarda, ka kai maganarsa wurin sarkin tasha ko sakatariya.

Wata baiwar Allah daga Safana ta ce maigidanta ya fasa kai su yawon Sallah saboda irin waɗannan kashe-kashen kuɗi, in yi masa magana. Hajiya, tsakanin miji da mata ba na shiga. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tafiya Kano da iyali ta zama babban aiki, ki yi masa uzuri. Maigida, kai kuma ko Katsina ce ka kai su su ga hasumiyar Gobarau, ku yini ku dawo, babu kuɗin ɗaki balle na kwanan mota.

Akwai mai tambaya ko jaki ma ana biya masa kuɗin ajiya. Malam, in ka ɗaure shi kusa da tallan rogon Batsari, abin da za ka biya ya fi kuɗin ajiya.

Saura minti ɗaya. Alhajin Zakka, na ga ka ƙara a ƙasan takardarka cewa ba a ba ka rasit ba. To ka kira manajan wurin, ka gaya masa rana da lokaci da adadin da aka karɓa, don mai yiwuwa shi kansa bai san ana karɓa ba. Abin da ya ce maka ka rubuto mana, zan karanta a shiri na gaba. Mai wasiƙa a kan kuɗin awon kaya a tasha, taka tana sama, da ita za mu fara.