Rubutun Neman Tallafin Karatu: Shawarwari Goma Ga Gidajen Batsari Da Safana

Yaron da ya tashi a Ruma, Wagini, Runka ko Zakka har ya kammala sakandare da sakamako mai kyau a waɗannan shekarun, ya riga ya nuna ƙwazon da masu ba da tallafin karatu suke nema. Inda yaranmu suka fi faɗuwa shi ne wurin da fom ya ce: rubuta ka gaya mana ko kai wane ne, me ka taɓa yi, me za ka yi da karatun in ka samu. Sau da yawa babu wanda ya taɓa yin irin wannan rubutu a gidan, sai a ɗauki kuɗi a kai wa mai shagon intanet ya haɗa wani abu. Neman taimako ba aibi ba ne, kowa da shi yake kaiwa gaci. Abin da ya kamata gida ya sani shi ne wane taimako ake nema, a wurin wa, kuma ina iyakarsa.

1. A fara tantance irin tallafin

Ba kowane tallafi ne yake buƙatar dogon rubutu ba. Na hukumar tallafin karatu ta Jihar Katsina ya fi dogara da takardu, irin su shaidar samun gurbi da shaidar asalin ƙaramar hukuma. Kuɗin NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 bashi ne da za a biya bayan an kama aiki, kada a ɗauke shi kyauta. Masu neman rubutu galibi su ne manyan tallafin nan na waje. Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, kuma sai wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, wato awa 2,800, don haka bai shafi wanda ya gama sakandare bana ba. Na gwamnatin Turkiyya yana karɓar masu neman digirin farko, kuma a watannin Janairu da Fabrairu ake cike shi. Na gidauniyar Mastercard ta hannun jami'o'in da take hulɗa da su ake nema, kamar Ashesi da KNUST a Ghana. PTDF kuwa ya fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. A kwafe tambayoyin kowanne a takarda, a karanta su a tsanake har a gane abin da ake tambaya kafin a rubuta ko layi ɗaya.

2. A tono labarin a gida, da Hausa

Babban taimakon da gida zai bayar ba ya buƙatar Turanci. Yaro yakan manta abin da ya yi, ko ya raina shi, amma mahaifiyarsa ba ta mantawa. A zauna bayan sallar isha'i, a buɗe rikoda ta waya, wani yayansa ko yayarsa ya riƙa yi masa tambayoyi. A ce yarinya ce. Yayanta ya ce mata, "To Ƙanwata, wane abu kika taɓa jagoranta?" Ta ce, "Ni Yaya ban taɓa jagorantar komai ba." Sai Inna ta tsoma baki daga bakin murhu: "Kin manta lokacin da aka rufe makaranta, kika tara yaran unguwa a zaure kina koya musu lissafi da gawayi a jikin bango?" Wannan shi ne abin da masu tantancewa suke kira shugabanci. Haka riƙe littafin adashin mata, ko kula da cinikin rogo a kasuwar Batsari a madadin mahaifi, ko koyar da ƙananan aji a Islamiyya. Bayan an gama hirar, mai neman ya saurari rikodin, ya fitar da labari uku ko huɗu mafi ƙarfi, sannan ya zauna ya rubuta su da Turancinsa, komai rauninsa.

3. A ambaci matsalar tsaro da mutunci, ba don neman tausayi ba

Duk wanda ya yi karatu a gefen dajin Rugu yana da abin faɗa. An rufe makarantu a jihar bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba kira ba intanet. Gidaje da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin gari ko Katsina. Faɗar wannan gaskiya ce, kuma tana bayyana dalilin giɓin da ake iya gani a shekarun karatu. Amma mai karanta rubutun yana da ɗaruruwan wasu a gabansa, daga ƙasashen da su ma suke cikin wahala. Abin da zai tsayar da shi shi ne abin da yaro ya yi a cikin wahalar.

A duba bambancin nan. Wani ya rubuta: "Na fito daga yankin da 'yan bindiga suka addaba, mu talakawa ne, ina roƙon a taimake ni." Wani kuma ya rubuta: "Da aka katse layin waya a garinmu ina shirin jarrabawa, sai na riƙa ba direban motar Katsina wayata ya sauko mini da tambayoyin baya, ni kuma in kwafe su a allo ga abokan karatuna." Na biyun bai roƙi komai ba, amma ya nuna dabara da juriya da amfanar wasu. Jimla biyu ko uku sun isa bayyana halin da ake ciki, sauran wurin a bar wa aikin da aka yi. Kada a ƙara gishiri, kada a ari musibar maƙwabci, kuma kada a saka sunan wanda aka sace ko aka ci wa zarafi. Abin da yaro ba ya son tunawa, ba dole ne ya rubuta shi ba.

4. A san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Na farko shi ne malamin Turanci na makarantar da yaro ya gama, domin ya san shi kuma ya san muryarsa. Sai 'yan bautar ƙasa inda ake da su, da ɗaliban yankin da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Wanda ya fi kowa amfani shi ne wanda ya taɓa samun irin tallafin da ake nema, ko da ta WhatsApp za a same shi. Masu son karatu a Amurka suna iya tuntuɓar EducationUSA, sashen ba da shawara na ofishin jakadancin ƙasar a Abuja. Shafukan masu tallafin da kansu ma suna ɗauke da bayanin abin da suke so a rubuta, kyauta.

Akwai ladabin neman taimako. Kada a je wa malami hannu rabbana a ce, "Malam a rubuta mini." A je da tambayar, da abin da aka riga aka rubuta, da ranar rufewa, a ce, "Malam, ga abin da na iya, don Allah a duba a nuna mini inda bai fito ba." Mutum biyu ko uku sun isa. In masu gyara suka yi yawa, kowa zai ja rubutun gefensa har ya rasa kan gado.

5. A gyara wa yaro, kada a rubuta masa

Mai taimako yana iya gyara nahawu, ya nuna inda aka saki tambaya, ya ce wannan sakin layin ya koma sama, ya tambayi "sai me ya faru bayan nan?" Ba aikinsa ba ne ya ƙirƙiro labari ko ya canza kalmomin yaro zuwa manyan da yaron bai san ma'anarsu ba. Masu rubutawa don kuɗi galibi abu ɗaya suke da shi a kwamfuta, suna canza suna da gari kawai. Masu tallafin suna da manhajojin gano kwafe, kuma wanda aka kama an cire shi ke nan. Ko an tsallake wannan, akwai intabiyu a gaba, inda za a ɗauko jimla daga rubutun a ce a yi ƙarin bayani. Kayan aro ba ya rufe katara. Gwaji mai sauƙi shi ne a karɓe takardar daga hannun yaro, a ce ya faɗi abin da ke ciki da baki. Duk abin da ya kasa bayyanawa, a cire shi.

6. A yi hattara da ChatGPT da ire-irensa

Waɗannan manhajoji suna da amfani wajen fassara tambayar da ba a gane ba, ko nuna kuskuren rubutu. Amma in aka ce su rubuta duka, sukan fitar da Turanci mai santsi wanda babu Safana ko Batsari a cikinsa, kuma dubban masu nema suna miƙa irinsa. Sukan kuma ƙago abin da bai faru ba. Wasu masu tallafin sun hana amfani da su wajen rubuta amsa, don haka a karanta ƙa'idar kowanne kafin a taɓa su.

7. Burin gaba ya zama mai suna da wuri

"Ina so in taimaki al'ummata" jimla ce da kusan kowa yake rubutawa. A tambayi yaro: wace al'umma, wace matsala, ta yaya? Mai son karanta aikin gona ya yi maganar asarar da manoman rogo da dankali suke yi saboda rashin wurin adanawa da sarrafawa. Mai son aikin jinya ta yi maganar nisan da mai naƙuda take yi daga ƙauye kafin ta kai asibiti. Mai son koyarwa ya yi maganar yaran da gudun hijira ya raba da aji. Sannan a haɗa wannan da kwas ɗin da aka zaɓa: wane darasi ne a cikinsa zai ba da abin da ake buƙata? A tsara burin daki-daki, abin da za a yi da zarar an dawo, da abin da ake fatan kaiwa nan da shekara biyar. Chevening sharaɗi ne a wurinsu mutum ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan karatu, kuma tallafin Commonwealth yana tambayar yadda karatun zai amfani ci gaban ƙasa. Wanda ya rubuta kamar mai neman hanyar tserewa ya rage wa kansa maki.

8. Gida ya ba da lokaci, caji da data

Rubutu mai kyau sai an sake shi sau da dama, kuma mai dubawa yana da nasa hidimomin. A fara aƙalla wata guda kafin ranar rufewa. A ɗauke wa mai neman wasu ayyukan gida na 'yan kwanaki, musamman 'ya mace, wadda girki da raino kan cinye yininta. A fara rubutu a littafi, sannan a buga a waya, a ajiye kwafi a imel. Imel ɗin da lambar sirrinsa su zama na mai neman ne, ba na mai shago ba, domin ta nan amsa za ta zo. A ƙirga kalmomi, kada a wuce adadin da aka ƙayyade. A tura da sauran kwanaki a gaba, saboda sabis yana iya ɗaukewa, kuma in sai an je Katsina ko Dutsin-Ma, a yi tafiyar da rana. In an rubuta lokacin rufewa da agogon GMT, a tuna agogon Najeriya yana gabansa da awa ɗaya.

9. Takardu su yi magana ɗaya da rubutun

Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB da fasfo. In wuri ɗaya Muhammad ne wani wurin Mohammed, a nemi gyara tun da wuri. Malamin da zai rubuta takardar shaida a kan yaro a sanar da shi da makonni, a kuma ba shi kwafin rubutun, domin abin da zai faɗa ya ƙarfafa labarin. Malamin da ya koyar da yaro ya san ƙwazonsa ya fi babban mutumin da bai taɓa ganinsa ba amfani a nan.

10. Kada a biya kuɗin gurbi, kada kuma a karaya

Cike fom ɗin Chevening, Commonwealth da na Turkiyya kyauta ne. Duk wanda ya turo saƙo yana cewa a tura kuɗi zai saka suna, ko ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da banki ya turo, ɗan damfara ne. A shiga ta shafin masu tallafin kai tsaye, ba ta adireshin da ake yawo da shi a zaurukan WhatsApp ba.

Masu nema sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba, don haka rashin samu a karon farko ba hukunci ba ne a kan yaro, kuma bai kamata a yi masa gori ba. A adana rubutun, a nuna wa wanda ya taɓa samu ya faɗi inda ya gaza, a ƙara masa sabon aikin da aka yi a cikin shekarar, a sake turawa, a kuma nemi wurare fiye da ɗaya a lokaci guda. Wanda Allah ya ba shi nasara kuwa, ya ware lokaci ya duba rubutun ƙannensa na unguwa, domin ƙarancin masu dubawa shi ne babban abin da yankin yake fama da shi a wannan fanni.