Darasi: Duba Robar Sifirin ta Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, a-kori-kurar ƙungiyarmu ita ce jakinmu. Da ita muke ɗauko taki, da ita muke kai gyaɗa da gero kasuwar Dambatta ko ta Bichi. In ta kwanta a tsakiyar kaka, dukanmu mun yi hasara.

A kowane bakin sifirin na baya akwai wata roba da makanikai ke kira bush. Ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Gargadar hanyar burji, ƙura, da lodi fiye da kima su ke kashe ta. Mu tuna, buhu 20 na taki mai kilo 50 tan ɗaya ke nan.

Yaya za mu gane ta mutu? Za mu ji ƙwanƙwasa a baya in mun faɗa rami, mota ta riƙa karkata, taya kuma ta cinye ta gefe ɗaya. In muka ƙyale, ƙusa za ta cinye idon sifirin, gyaran roba ya koma sayen sifirin.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu tsai da mota a wuri mai daidai, babu kaya, mu sa wa tayoyin gaba waigi.
2. Mu ɗaga ta, mu tokare shasi da kututture mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. Mu zura ƙarfen taya kusa da idon sifirin, mu banƙara. In ya yi wasa, ko roba ta tsattsage, sai canji.
4. Mu tallafi aksul da jak don nauyi ya sauka daga sifirin, sa'an nan mu kwance noti, mu zare ƙusa.
5. Mu kankare tsatsa, mu shafa wa sabuwar roba ruwan sabulu. Ban da giris ko baƙin mai, gama suna ruɓar da roba.
6. Mu ɗaura noti sama-sama, mu sauke mota a kan tayoyinta, kana mu ɗaure tam. In muka ɗaure tana sama, roba za ta murɗe ta yage da wuri.

Mu canja dama da hagu tare. Mu riƙa dubawa kafin damina da kafin kaka.

Tambaya domin taronmu: wa muka ɗora wa duba motarmu, yaushe kuma ya duba ta na ƙarshe?