Sanyaya Kayan Lambu da Ruwa da Iska: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

A ƙasashen Dambatta da Bagwai da Minjibir gonaki haɗe suke da juna, kusan babu fili da ke kwance banza. Tun da aka gina madatsun ruwa irin su Watari da Tomas, noman rani ya bunƙasa, tumatir da tattasai da alayyafo suka yawaita. Amma amfanin yakan nuna a bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Kwandon tumatir da bai sami mai saye ba cikin kwana biyu ko uku ya zama asara, don haka manomi yakan sallama wa dillali ko nawa ya taya.

Maganin da ya fi kusa da talaka sananne ne. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa shi ne, randa tana tsattsafo, iska ta busar da danshin, ruwan da ya tashi kuma ya tafi da zafi. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a makarantar kimiyya da fasaha ta Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, shi ya ɗauki wannan sani ya yaɗa shi a ƙauyukan Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a 1991. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. A gwajin da ya yi, yalo ya kwana 27 bai lalace ba maimakon 3, alayyafo ya kai kwana 12. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyauta saboda wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne yadda aka haɗa ta. Tukunya biyu ce da yashi da tsumma, kowanne zaman kansa yake yi. In ta ciki ta fashe, a sayi wata ranar kasuwa; in yashi ya yi gishiri, a zubar a ɗebo sabo. Wannan shi ne abin da masu ƙera injuna ke nufi da ƙirar gaɓa-gaɓa, watau a yi abu sassa dabam-dabam, kowane sashe da awonsa sananne, yadda za a kwance ɗaya a maye gurbinsa ba a taɓa sauran ba. Da haka keke ya zauna a karkara, gama sarƙarsa da tayarsa suna samuwa wurin kowane mai gyara.

Manyan injunan sanyaya iska da ake kafawa a masana'antu da gidajen kaji, aikin randa suke yi, girma kaɗai suka fi ta. Akwai tanki a ƙasa, da ƙaramin famfo mai tura ruwa sama. Ruwan ya gangaro ta cikin wani soso mai kauri, wanda ake yi da takarda mai ramuka kamar saƙar zuma, sa'an nan fanka ta jawo iskar waje ta cikinsa. A watan Maris, sa'ad da iska ta bushe ƙayau, zafi kan sauka da digiri 10 ko fiye. Wutar da injin ke ci kaɗan ce in an gwada da ta firji, har faifan hasken rana yana iya ɗaukar ƙarami.

To, a nan ne ake tafka kuskure. Akwai injin da ake ƙerawa dunƙule, famfonsa da fankarsa na musamman, ba sa shiga da na kowa. Ruwan rijiya yana barin gishiri a soso, ƙurar hunturu tana toshe shi, famfo kuwa in ya yi aiki babu ruwa sai ya ƙone. Waɗannan ƙananan sassa ne, amma in babu madadinsu a Kano, injin duka ya zama tarkace, kuɗin da jama'a suka tara ya salwanta. Wanda aka yi gaɓa-gaɓa kuwa, mai gyaran fanka na gari ya isa ya tashe shi. Har wa yau ana iya farawa da guda, in rumfa ta ƙaru a jera na biyu kusa da shi.

Saboda haka in ƙungiyar manoma ta kawo maganar sayen irin wannan inji gaban Hakimi, ya kamata ya sa a kwance shi a gabansa kafin a biya, a nuna kowane sashe, a faɗi inda ake sayar da irinsa da kuɗinsa. Malamin Hakimi ya rubuta awon soso da ƙarfin famfo da faɗin fanka a littafi, da ranar da aka canja kowanne. Lalle ne kuma a tabbatar da ruwa tukuna, domin babban inji yana shan ruwa da yawa, kuma a daidai lokacin da rijiyoyi ke ja baya.

Inda babu wuta akwai matsakaiciyar hanya da aka fitar a Indiya wajen 1980 zuwa 1990. Ana gina bango biyu na jan bulo, a bar kamar inci 3 tsakani, a cika da jiƙaƙƙen yashi, a yi rumfa a sama. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano, ta daɗe tana koyar da irin waɗannan.

Dagatai su sanar da talakawa iyakar abin. Da damina iska cike take da laima, sanyin da ake samu bai taka kara ya karya ba. A ajiye tukwanen a inuwa inda iska ke wucewa, ba cikin rufaffen ɗaki ba. Hatsi da wake da albasa da busasshen barkono kada su kusance shi, danshi ruɓar da su yake yi. Allurar rigakafi kuwa sanyin firji take bukata, tsakanin digiri 2 da 8, randa ba ta kai nan.