Ƙasusuwan dodo a gindin dutsen Tigidit

Garinmu Adarbisanat yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas. Daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 160 ne. Matafiya da yawa suna bin wannan hanya suna gyangyaɗi cikin mota, ba su san abin da suke wucewa ba. Yau za mu bi wani magidanci da iyalinsa, mu ga abin da suka gani.

Lokacin hutun sanyi ne. Baba da Inna da Yaya da Auta suka shiga mota da asuba, suka yi arewa. Inna ta ɗauki fura da dabino, Baba ya cika salka biyu da ruwa, don ba a shiga wannan jeji da ruwa kaɗan. Da hantsi sai ƙasa ta yanke a gabansu kamar an sara ta da gatari. Sun iso Tigidit ke nan.

Tigidit dogon dutse ne mai gangare, ya lanƙwashe kamar baka a kudu da Agadas. Mai zuwa daga wajenmu yana bisa tudu, sai ya gangara zuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laka. Yaya ya murza wani ɓangaren dutsen da yatsa, sai ya ga rairayi yana zuba. Baba ya ce: «Rairayi ne da koguna suka tara tun zamanin da. Ya daɗe a danne har ya haɗe ya zama dutse.»

Suka bar babbar hanya suka yi yamma, zuwa ƙauyen Marandat. Can suka sami wani tsoho Ba'abzine wanda ya san wurin. Baba ya gaishe shi, suka sha shayi, sa'an nan tsohon ya shige gaba.

Abu na farko da ya nuna musu gungumen itace ne kwance a ƙasa. Ga ɓawo, ga saiwa. Inna ta ce wannan ai ya isa girkin wata guda. Ta sa hannu za ta ɗaga wani guntu, sai ta ji nauyi. Ashe dutse ne! Suka yi ta dariya.

Gaba kaɗan suka tarar da ƙasusuwa jere cikin ƙasa. Ƙashi ɗaya na ƙafa ya fi Auta tsawo.

Auta ta ce: «Kaka, raƙumin wa ne wannan?»

Tsoho ya ce: «Ba raƙumi ba ne, jikata. Iyayenmu suna ce masa Jobar. Da sunansa ake tsorata yaron da ya ƙi jin magana.»

Yara, ku saurara da kyau. Waɗannan ƙasusuwan wata dabba ce da masana suke kira dinozor. A shekarar 1997 wani masani daga Amurka, Paul Sereno, ya zo da abokan aikinsa suka tono ƙasusuwanta a wannan yanki. A 1999 suka raɗa mata suna Jobariya, daga sunan da Abzinawa suka sani. Tsawonta daga kai zuwa wutsiya ya fi mita 18. Ku auna ajinku, ku gani ko za ta shiga. Tana da dogon wuya, ganye take ci. Ta rayu fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce, tun babu mutum ko ɗaya a duniya.

To, yaya ƙashi yake zama dutse? In dabba ta mutu a fili, kuraye da rana su kan gama da ita. Amma in ambaliya ta binne ta cikin laka nan da nan, ƙashin ba ya ruɓewa. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da garin ma'adinai. Yana shiga ƴan ƙofofin ƙashin, yana ajiye garin kaɗan-kaɗan, har ƙashin ya taurare. Haka itacen Inna ma ya yi. Wannan ya nuna mana cewa inda muke ganin ƙaya da rairayi yau, da can akwai koguna da manyan itatuwa. A Gadufawa, gabas da nan, har ƙasusuwan wani ƙaton kada aka samu.

Suna komawa mota, tsoho ya tsaya ya dubi aljihun Yaya, ya ga ya yi nauyi. Bai ce kome ba, ya dubi Baba kawai.

Baba ya ce: «Me ka ɗauko?»

Yaya ya sunkuyar da kai, ya fito da guntun ƙashi. Ya ce: «Baba, malam zan kai wa ya nuna a aji.»

Baba ya ce: «Niyyarka mai kyau ce, amma mai da shi inda ka ɗauka. Masana suna duba inda kowane ƙashi yake kwance kafin su san yadda za su haɗa dabbar. In kowa ya ɗauki guntu, wa zai iya haɗa ta?»

Tsoho ya ƙara da cewa akwai masu kwasar irin wannan suna sayar wa baƙi a ɓoye. Wannan laifi ne, don tun 1997 Nijar tana da dokar da ke kare kayan tarihi. Yaya ya koma da gudu ya ajiye ƙashin cikin gurbinsa. Ya ɗauko littafinsa ya zana shi.

Marandat tsohon gari ne ƙwarai. An sami dubban ƴan tukwanen da maƙera suke narka jan ƙarfe a ciki. Wani marubucin Larabawa, Alyaƙubi, ya ambaci Maranda tun ƙarni na 9.

Da la'asar suka shiga Agadas. Tun daga nesa suka hango hasumiyar babban masallaci. Da ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta, su magina suke takawa in za su yi yaɓe. Baba da Yaya suka shiga suka yi salla, Inna da Auta suka wuce gidan Gwaggo.

Tambayoyi

1. Me ya sa Inna ta kasa ɗaga itacen?
2. Daga ina sunan Jobariya ya fito?
3. In Jobariya tana da mita 18, ajinku kuma yana da mita 9, aji nawa za ta cika?
4. Don me tsoho ya dubi Baba, bai yi wa Yaya magana ba?

Aiki

Ku nemi yadda ake faɗin waɗannan da Faransanci: dutse, ƙashi, rairayi, hasumiya. Ku tambayi tsofaffin gidanku abin da suka ji game da Jobar, ku kawo mana gobe.