Amsar Tambaya: Zuwa Jana'izar Maƙwabci Ɗan Katolika

Malama Hadiza, kin ce mahaifin maƙwabciyarki ya rasu, kina son raka ta coci amma ba ki san tsarinsu ba. Allah ya ba ta haƙuri.

Kada jinkirin binnewa ya ba ki mamaki, 'yan Katolika sukan ajiye gawa kwanaki har dangi su hallara. Daren jajibiri akan yi zaman addu'a da waƙoƙi, washegari a yi Mas, wato babbar ibadarsu, a coci, sannan a wuce makabarta. Ki sa kaya masu kamala marasa ƙyalƙyali. Mayafinki ya dace, don matan Katolika a Najeriya ma sukan rufe kai a coci. Ki kashe waya, ki zauna can baya, kujerun gaba na iyalan mamaci ne.

Za ki ga Fada, wato limaminsu, ya yayyafa ruwa a kan akwatin gawa, ya zagaye shi da turaren wuta. In jama'a sun miƙe ki miƙe, in sun durƙusa ki yi zamanki, babu mai ganin laifinki. Abin da nake so ki kiyaye sosai shi ne layin karɓar Jibin Ubangiji: na 'yan Katolika ne kaɗai, kada ki shiga. In an tashi, ki je wurin maƙwabciyarki ki riƙe hannunta ki yi mata ta'aziyya.