Shamakin Zafi: Nazari a Kan Bangon Firij da Randar Ƙasa

Abin da za mu duba a wannan ɗan rubutu shi ne bangon firij, watau abin nan da ke cushe tsakanin ƙarfen waje da robar ciki, wanda mai saye ba ya ganinsa, mai sayarwa kuma ba ya zancensa. Hausa ba ta riga ta tsai da suna guda ga irin wannan abu ba. A nan za mu kira shi shamakin zafi, domin aikinsa ke nan, ya shiga tsakani. Misalanmu za su fito daga ƙasar Shanono, arewa maso yamma da birnin Kano, inda zafin watan Afirilu kan kai digiri 40, wutar lantarki kuwa ba abar dogara ba ce.

Da farko akwai wata fahimta da ke bukatar gyara. Bahaushe kan ce a rufe firij kada sanyi ya fita. A wajen masana kimiyya kuwa zafi ne ke shiga, domin kullum yana gangarowa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Saboda haka aiki biyu ne a jikin firij. Inji yana kwashe zafi daga ciki ya zubar ta baya, bango kuma yana hana wani ya shigo. Da zarar an ɗauke wuta aikin farko ya tsaya, sai abin da bango ya iya riƙewa.

Asirin kowane shamaki shi ne iskar da aka ɗaure wuri ɗaya. Ƙarfe ya fi irin wannan iska saurin wuce da zafi fiye da sau dubu, ruwa ma ya fi ta fiye da sau 20. Mai sayar da ƙanƙara a kasuwar ƙauye ya san haka a aikace. Yakan binne ta cikin dusar katako ko ƙaiƙayi, ya lulluɓe da buhu, ta wuni. Amma in dusar ta jiƙe, ruwa ya maye gurbin iska, amfaninta ya ragu ƙwarai.

Masu ƙera firij na farko ba su yi nisa da wannan dabara ba. Sun yi aiki da ɓawon wani itace na ƙasar Fotugal da Sifen, wanda ake toshe kwalba da shi. A Amurka, wajen shekarun 1930, har da audugar rimi aka cusa wa firij, irin wadda iyayenmu ke yin matashi da ita. Bayan haka audugar gilashi ta shigo. Babban sauyi ya samo asali a Jamus, inda Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa sinadarin foliyuretan a 1937, ko da yake sai a shekarun 1960 kumfarsa ta zama ruwan dare a bangon firij.

Ga yadda ake yi a masana'anta. Ana lanƙwasa fallen ƙarfe ya zama akwatin waje. Ana gasa fallen roba ya yi taushi, a zuƙe shi a kan zubi ya zama akwatin ciki. Sa'an nan a sa ɗaya cikin ɗaya, a damƙe su a wani mari mai ƙarfi don kada su kumbura. Sai a gauraya ruwan sinadari iri biyu, a tsiyaya ta wata 'yar kafa. Nan take haɗin ya tashi kamar ƙullin waina, ya ninka kansa wajen sau 30, ya bi kowane lungu, cikin 'yan mintoci ya sandare. Abin da ya samu shi ne ƙananan ƙwayoyi rufaffu, kowace da gas a ciki. Kumfar nan ta kusa ninka audugar gilashi wajen tare zafi, har wa yau ita ke manne ƙarfe da roba su zama jiki ɗaya. Gas ɗin da aka fara kumbura ta da shi an gane yana cin rufin ozon na sararin sama, aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 don a bar shi. Daga wajen 1993 masana'antun Jamus suka koma ga gas na dangin fetur, duniya ta biyo baya.

A nan ya kamata mai sayen firij ɗan gwanjo ya lura. Kowa inji yake saurare, a taɓa a ji ya yi ƙanƙara, a biya. Alhali in kumfa ta ɓaɓe daga ƙarfe, ko ta sha ruwa, ko mai walda ya ƙona ta ya cike gurbin da soson katifa, to, firij ya mutu ko da injinsa sabo ne. Soson katifa ƙwayoyinsa a buɗe suke, tsotse danshi yake yi. Alamar wannan ciwo ita ce gumi a wuri guda a jikin ƙarfen waje.

Randar ƙasa kuwa wata hanya ta bi dabam, kuskure ne a ce shamaki ce. Jikinta na da ƙofofi ƙanana, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, bushewar ce ke tafiya da zafi. Wannan ne Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin fasaha ta Dutse a Jihar Jigawa, ya ɗora a kai. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Aikin ya jawo masa kyautar Rolex a 2000, masu kyautar kuma suka ba da rahoton gauta ya yi kwana 27 a ciki maimakon uku. Ga manomin tumatir da ke ɗebo kaya daga madatsar Watari ta Bagwai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da kakar tumatir da rani take, lokacin da iska ta fi bushewa. Da damina, in iska ta ƙoshi da danshi, ƙarfin tukunyar sai ya ragu.

Inda tukunya ta gaza ƙaf shi ne maganin rigakafi, wanda yawancinsa ke son zama tsakanin digiri 2 da 8. Babu randar da ke kusantar wannan a bazara. Don haka ma'aikaciyar lafiya da ta tashi daga asibitin Shanono zuwa ƙauye take rataye da ɗan akwati mai kaurin bango, kumfa ce zalla kewaye da robobin ruwan sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya kan sa a gwada irin waɗannan akwatuna a ɗaki mai zafin digiri 43, a ƙirga awoyin da suke riƙewa kafin a yarda da su. In murfi ya tsage ko bango ya huje, awoyin nan sun ragu, tambarin da ke jikin kwalbar maganin shan-inna ya rine tun ba a kai ga yaron ƙarshe ba, dole a zubar.